Yadda Za Ka Gyara Birkin Bayan Tsohuwar Mota Ba Tare da Ka Yi wa Yayanka Magana Ba

Idan ka gaji tsohuwar a-kori-kura wadda birkinta na baya ya mutu, kana kuma da yayan da ya san gyaran kamar yunwar cikinsa, amma ka gwammace ka haɗiyi sufana da ka ce masa sannu, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, motarka za ta tsaya cak a inda ka ce ta tsaya, kai kuma ba za ka ɓata kalma ko ɗaya a kan mutumin ba.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ban taɓa riƙe sufana ba, amma na yi kwana shida cur a kan benci ina kallon maƙwabcina Tela yana wannan aikin, tun daga Litinin har Asabar, kuma babu kuskuren da ya yi da ya wuce ni. Da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Ka tuna abin da aka yi maka

Kafin ka taɓa taya, zauna ka tuno laifin yayanka dalla-dalla. Haushin nan shi zai riƙe ka in ƙarfe ya fara cin yatsunka.

Ga na Tela. Mahaifinsu direba ne, ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da a-kori-kura ɗaya, wadda duk layinmu ke kira Gwaggo saboda yawan tari da mita. Duk ranar da marigayi zai gyara birki, rabon aikin ba ya canzawa. Babban ɗan, wanda kowa ke kira Yaya, shi ke shiga ƙarƙashin mota tare da uban. Autan, wato Tela, ya hau kujerar direba, ya taka feda in an ce ya taka. Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Yaya ya zama bakanike, Tela ya sayi keken ɗinki.

Layinmu gangare ne, ƙofar gidansu ce a gindinsa. Wata huɗu bayan rasuwar, Tela ya ɗauko Gwaggo daga kasuwa, ya taka birki, feda ta zarce har ƙasa, sai ƙofar ƙarfen gidan ce ta tsayar da su. Ba wanda ya ji ciwo. Amma Yaya ya fito daga gidansa, taku ashirin ne tsakani, ya dubi ƙofar da ta lotsa, ya dubi ƙanensa, a gaban matar Tela da mu 'yan kallo ya ce, "Wa ya ce ka ɗauke ta? Kai ai ƙafa ce kawai. A mota ƙafa, a shago ƙafa."

Yau shekara uku ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Yaya ya kwashe ɗinkinsa ya kai wa wani tela a bakin kasuwa, wanda ke yi masa riga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma ina tabbatar maka kafaɗar nan ta fi zagin ƙona wa Tela rai. Gwaggo kuwa aka tura ta ƙarƙashin tagar mahaifiyarsu, Inna, aka sa mata dutse a taya. Duk mako Tela yana tayar da injin don kada ya kwanta, ya ɗan zauna a kujerar da har yanzu take ƙamshin ubansa, sannan ya kashe ya fito.

Ranar Litinin da hantsi Inna ta fito ta tsaya a tsakiyar layi, ta ɗaga murya yadda gida biyu za su ji. Ta ce, "Shekara uku ban ga rana ta tagata ba. Asabar da azahar 'yan gwangwan za su zo. In motar nan ta hau gangaren can ta sauko ta tsaya da kanta, ta ci gaba da zama. In ba haka ba, su farfasa ta su auna."

Tela ya ji kamar za a sake ɗaukar ubansa daga gidan. Ya rufe shago, ya yi rantsuwa a ransa shi zai gyara ta, da hannu.

Mataki na biyu: Ka gano inda ke mata ciwo

Hau ka taka feda. In ta nutse laƙwas kamar ka taka burodi, to ko mai ya zube, ko iska ta shiga, ko duka biyun. Buɗe gaban motar ka duba gorar man birki. Ta Tela dai gizo-gizo ya tarar a ciki da iyalansa.

Cika gorar, ka taka sau da yawa, sannan ka zagaya ka leƙa bayan tayoyin baya. Inda ka ga danshi yana gangarowa, nan ne ɓarawon yake. A Gwaggo tayar hagu ce. A cikin kowace taya ta baya akwai 'yar tukunyar ƙarfe da mai ke shiga ya tura lainin birki, kuma robar ta hagun ce ta mutu.

A daidai nan mutanen layi za su taru, kowa ya zama injiniya. Wani zai ce giya ce, wani zai ce a canza batir, wani zai ba ka labarin motar kawunsa da ba ta taɓa sanin birki ba kuma ta yi shekara talatin. Kada ka saurari kowa sai ni.

Za ka kuma lura yayanka ya fito da kujera ya zauna a ƙofar gidansa, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Kada ka kalli wurin. Ni na kalla a madadin Tela, jaridar ta bara ce.

Mataki na uku: Ka samo kayan aiki ba tare da ka roƙa ba

Akwatin kayan aikin marigayi yana gidan Yaya. Abin da Tela ya mallaka shi ne almakashi, da tef ɗin awo, da ɗan sukurudireban da yake ɗaure keke da shi. Nan ne amfanin mace mai wayo yake.

Matar Tela ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Maigida, me kake buƙata?"

Ya ce, "Ba na buƙatar komai daga gidan can."

Ta ce, "Ai ni ma gishiri zan aro."

Ta dawo da gishiri a murfin kwalba, da jak, da guduma, da filaya, da sufana huɗu. Ta koma ta sake dawowa tana jan gungumen katako biyu.

Tela ya ce, "Waɗannan kuma fa?"

Ta ce, "Matar Yaya ce ta ce wai wani ya ce jak kaɗai ba ya riƙe mota, kada wani ya shiga ƙarƙashi sai ya tokare da katako."

"Wani wa?"

"Ban tambaya ba, gishiri ya kai ni."

Ka yi tsaki yadda za a ji daga taku ashirin, don mutunci. Bayan nan ka tokare motar da katakon sosai, kamar yadda Tela ya yi.

Mataki na huɗu: Ka cire ganga

Cire taya. Bayanta za ka ga wani faifan ƙarfe mai zurfi da ya rufe birkin, shi ake kira ganga. A littafi, jawo ta kawai ake yi ta fito. A zahiri, gangar da ta yi shekara uku a zaune ta riga ta yi aure a wurin.

Tela ya ja, ta ƙi. Ya zuba mata man keke, ta sha ta ƙi. Ya ɗauki guduma tun safiyar Talata yana bugu har rana ta take, duk karnukan layi suka bar unguwar. Duk bugun da zai yi, sai a ji tari daga bayan jarida. Tela ya ƙara ƙarfi, tarin ma ya ƙara.

Matarsa ce ta kawo masa ruwa, ta leƙa cikin motar ta ce, "Maigida, ni fa ban san mota ba. Wannan sandar da ke tsaye kusa da kujera, haka ake barinta?"

Birkin hannu ne. Shi da kansa ya ja shi shekara uku da suka wuce, lainin ya cije gangar ta ciki bai sake ba. Ka ce, kamar yadda Tela ya ce, kana sane, kana so ne ka karkaɗe tsatsa tukuna. Sai ka sauke shi a hankali, ka ɗan bubbuga gefen gangar. Za ta fito ta zuba maka ƙurar shekara uku a fuska, tarin kuma zai tsaya.

Mataki na biyar: Ka kwance ɓangare biyun gaba ɗaya

A ciki za ka ga lainin biyu masu lanƙwasa, ɗaya dogo ɗaya gajere, da sifirin manya da ƙanana, da 'yan ƙusoshi, da wata waya, kowanne ya maƙale a wani rami da shi kaɗai ya san dalili. Kanikawa suna cewa kada ka taɓa kwance hagu da dama a lokaci guda, ka bar ɗaya a ɗaure don ka riƙa kallo. Wannan maganar matsorata ce. Kai da kake da fushin shekara uku, kwance duka.

Haka Tela ya yi ranar Laraba. Ya ɗauko babban tiren matarsa, ya jera komai bisa girma kamar maɓallai, manya a nan, ƙanana a can, abin gwanin sha'awa. Da ya cire sifirin na ƙarshe daga taya ta biyu, na ji jaridar Yaya ta faɗi ƙasa. Ya daɗe bai ɗauke ta ba.

Da yamma Tela ya sayo sabon lainin, ya zauna zai mayar. Haɗawar farko, sifirin uku suka yi saura. Ta biyu, babu saura amma ganga ta ƙi shiga. Ta uku, wani sifirin ya kuɓuce daga filaya ya yi tsalle ya ƙetare layi, ya sauka a gaban takalmin Yaya. 'Yan'uwan biyu suka zuba wa sifirin ido, ba wanda ya kalli wani. Matar Tela ta yi ajiyar zuciya ta tafi aron gishiri.

A ranar na ga tsoro ya shigi Tela. Ya zauna a kan taya ya haɗa kai da gwiwa, tiren yana gabansa. Saura kwana uku, kuma motar da ya tarar da ciwo ɗaya yanzu hanjinta ne a waje.

Mataki na shida: Ka bar gida na wuni guda, kada ka yi tambaya in ka dawo

Tukunyar birkin mota irin Gwaggo an daina yin ta tun kafin a haifi yawancin masu shagunan kayan mota. Ranar Alhamis Tela ya fita nema tun da safe, bai dawo ba sai bayan la'asar, da tukunyar a leda da ƙafa a kumbure.

Ya tarar da ɓangaren dama a haɗe tsaf. Lainin a zaune, kowane sifirin a raminsa, an goge ko'ina, an bar gangar a gefe yadda za a ga komai. Ɓangaren hagu kuwa ba a taɓa shi ba, kayansa suna cikin tire.

Ya juyo ya dube ni. Na ce masa ni barci ya ɗauke ni a benci. Gaskiyar ita ce idona biyu. Awa biyu Yaya ya yi a durƙushe a gaban tayar nan, shi wanda ciwon baya ya raba da gareji tun bara, kuma da ya gama sai da na kama shi ya miƙe. Ya ce in na faɗa wa wani zai kwance min benci.

Da farko ran Tela ya ɓaci, har ya ɗauki filaya zai wargaza. Sai ya tsaya yana kallo. Da an haɗa masa duka biyun, da zagi ne, an sake ce masa ƙafa. Wannan kuwa abu ne da ya sani a sana'arsa: a kawo maka riga ɗinkakkiya a ce yi min irinta.

Safiyar Juma'a ya sa sabuwar tukunya, ya kwaikwayi dama sak, abin ya ƙi zama. Ya kwance, ya je dama ya duba, ya dawo, ya sake komawa. A zuwa na biyar na ji ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce min, "Maƙwabci, hannun riga ne. Na hagu ba a yanka shi irin na dama, juya shi ake yi. Gajeren lainin gaba yake kallo a duka biyun." Kafin rana ta yi tsaka ya gama, babu saura a tire, ganga ta shige sumul.

Ya ɗago kai ya dubi ƙofar gidan can, karo na farko a fili. Kujerar tana nan, babu kowa a kai. Matarsa ta ce Yaya yana kwance tun jiya, ko juyi ba ya iyawa. Murnar ta ragu a fuskar Tela.

Mataki na bakwai: Ka fitar da iska kai kaɗai

Tunda ka buɗe hanyar mai, iska ta shiga, kuma muddin tana ciki feda za ta ci gaba da nutsewa. A bayan kowace tukunya akwai ɗan ƙaramin noti. Mutum ɗaya yana sama, ya taka feda sau uku ya riƙe ta a danne. Mutum na biyu yana ƙasa, ya sassauta notin, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iskar ta koma, an dawo farko.

Ka ga dai an ce mutum biyu. Kada wannan ya karya maka gwiwa.

Tela ya fara da sandar tsintsiya. Ya taka feda, ya tokare ta da sandar a jikin kujera, ya ruga ya kwanta a ƙasa. Kafin ya kai sufana kan noti sandar ta zame ta bugi ham, Inna ta leƙo ta taga ta tambaya ko 'yan gwangwan ne suka yi sammako. A gwaji na huɗu sandar ta huda kujerar marigayi, Tela ya ɗauko allura ya ɗinke yana ba ta haƙuri.

Ya kira matarsa. Ta ce ƙafarta ta dama tana mata ciwo tun safe. Ya ce ta taka da hagu. Ta ce ita ma yanzu ta fara.

Ya juyo gare ni. Ni masani ne, masani kuwa ba ya taka feda. Ban da haka, tun ranar Talata Inna ta bi gida-gida ta ce duk wanda ya sa ƙafa a motar nan in ba ɗan da ta haifa ba, kada ya sake gaishe ta. Babu wanda ya shirya rasa gaisuwar Inna a layinmu. Haka Juma'a ta ƙare, feda tana nan laƙwas, man birkin da ya rage bai kai rabin kwalba ba.

Mataki na takwas: Ka nemi ɗan aike

Asabar tun da hantsi 'yan gwangwan biyu suka iso da kurar ɗaukar kaya da manyan guduma da ma'auni. Inna ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, aka ba su ruwa. Suka zauna suna ƙare wa Gwaggo kallo, ɗaya yana cewa ƙofar baya kaɗai za ta yi nauyi.

Tela yana kwance a kan kwali a ƙarƙashin mota, sufana a hannu, ba abin da yake yi. Sai ya ga ƙafafu biyu suna tahowa a hankali, da wandon da ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya. Ko a cikin dubu zai gane wannan mugun ɗinkin.

Yaya ya tsaya a gefen kwalin. Ya dafa mota ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, bayansa ya ƙi, ya cije leɓe ya miƙe. Wurinsa ke nan tun yana yaro, yau ba zai iya shiga ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar direba ya hau da kyar.

Yanzu ka sami mutum na biyu, saura ka ba shi umarni ba tare da ka yi masa magana ba. Inna ta jawo kujerarta ta zauna daidai tsakani.

Daga ƙasa Tela ya ce, "Inna, ki ce a taka."

Inna ta ce, "Babba, ƙanenka ya ce in ba damuwa ka taka, kuma wai yaya bayan naka."

"Inna, ban ce haka ba."

"To me ka ce?"

Daga sama Yaya ya ce, "Inna, ki ce masa an taka tun ɗazu."

"Auta, yayanka ya ce an taka, ya kuma ce aikin hagun nan ya yi kyau."

"Inna, yaushe na ce?"

Garin musun Yaya ya ɗaga ƙafa, noti yana buɗe, tukunya ta zuƙi iska har ana jin ƙarar. Sau uku ana haka, mai yana zuba a ƙasa a banza. Ɗan gwangwan ɗaya ya tashi ya fara gwada nauyin gudumarsa.

Inna ta miƙe ta ɗauki kujerarta. Ta ce, "Na haife ku, na goya ku, ban yi alkawarin zama muku waya ba. Ni na shiga ciki. In an kira salla, bayin Allah, ku fara ta inda kuka ga dama."

Mataki na tara: Ka daure, kada ka buɗe baki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne Tela ya kunyata ni.

Layin ya yi tsit. Tela yana kwance yana kallon cikin motar ubansa, tsatsa tana zubo masa a ido. Ya san man da ya rage ba zai ɗauki wani kuskuren ba. Ya san taku nawa ne daga gadon Yaya zuwa kujerar nan, da abin da kowane taku ya ci masa. Kalmar guda ce, taka, amma ba a jefa wa babba umarni tsirara, sai an sa masa sunansa a gaba, sunan kuma shi ne abin da ya yi shekara uku yana haɗiyewa.

Na ji ya yi gyaran murya. Na ɗaga masa hannu daga benci alamar ya daure, bai gan ni ba.

Ya ce, "Yaya, taka."

Feda ta yi ƙara sau uku.

"Riƙe."

Daga sama aka ce, "Na riƙe, Auta."

Ya sassauta noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Saki."

"Na saki."

Haka suka yi ta yi, hagu sannan dama, muryoyin suna ƙara sakewa. Can Yaya ya ce, yana haki, "Ashe abin nan cinya yake ci. Shekara nawa ka yi kana yi?"

"Goma sha ɗaya. Riƙe."

"Na riƙe." Sannan Yaya ya ƙara da cewa, "Kai kana nan sama, ba ka jin abin da ake faɗa a ƙasa sai taka da saki. Duk ranar da muka kwanta a can ƙasa, sai Baba ya ce min, ka ga ƙafar Auta, ba ta taɓa sakar min feda ba ko sau ɗaya. Ni ne nake yar da noti, ni ake yi wa faɗa. Ranar ƙofar nan da ƙafar na zage ka, don ita nake kishi."

Ba a ce saki ba. Yaya ya ci gaba da dannewa, ƙafarsa tana rawa, har gumi ya keto masa. Ni da nake hango ƙarƙashin mota na ga Tela ya rufe fuska da gwiwar hannu, kafaɗunsa suna motsi. Daga baya ya ce man birki ne ya shigar masa ido.

Da kyar ya ce, "Saki, Yaya. Tun ɗazu na ɗaure."

Man ƙarshe da ya fito babu kumfa ko ɗaya. Yaya ya taka, feda ta tsaya a rabi, da tauri.

Mataki na goma: Ka gwada ta a gaban jama'a

Mayar da tayoyi, sauke jak, cire dutse. Yaya ya matsa kujerar gefe da kansa, ya bar wa Tela sitiyari. Gwaggo ta yi tari, ta yi mita, ta hau gangaren da baya tana hayaƙi, duk layi ya fito. Inna ta fito ta tsaya a gaban ƙofar da ta lotsa, ta harɗe hannu. Muka ce ta matsa, ta ce ba inda za ta.

Suka gangaro. Tela ya taka tun da sauran nisa, Gwaggo ta tsaya cak, sannan ya lallaɓo da ita har gaban Inna ya sake tsayawa, ya ja birkin hannu. Ana kiran azahar.

Inna ta sallami 'yan gwangwan da tsohon lainin da matacciyar tukunya da sandar tsintsiya. Ta sa aka ɗauko mata dutsen, ta ce dama na tokare ƙofar ɗakinta ne. Ta shiga ta buɗe taga, rana ta faɗa har kan gadonta.

'Yan'uwan ba su fito daga motar da wuri ba. Da suka fito, Tela ya kama Yaya ya sauko da shi, ya tsaya yana kallon kafaɗar rigarsa. Ya ce, "Yaya, don Allah wa yake yi maka wannan ta'asar?" Ya zaro tef daga aljihu ya fara auna shi a tsakiyar layi, da baƙin mai a hannu. Yaya ya buɗe hannuwa ya tsaya kamar yaro.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin yatsan da ya fashe, ko tiren da ya yi baƙi, ko kujerar da ta huje, ko gishirin da ya ƙare a gidan maƙwabta. Alkawarin da na yi a farko yana nan daram ga duk wanda ya bi matakan yadda na tsara. Tela ne ya karya mataki na tara, don haka kada a zo min da ƙorafi.

In kai ma ka karya, abin da ya biyo baya naka ne. Za ka rasa fushin da ka yi shekaru kana kiwo, za a riƙa shigo maka shago ba sallama ana gyara maka yadda kake riƙe filaya, kuma maƙwabcinka zai rasa abin kallo. Ni yanzu haka bencina a wofi yake. Jiya na gan su sun buɗe birkin gaba, wanda lafiyarsa ƙalau, Tela a ƙasa, Yaya a sama, tun safe ana taka ana saki, kuma na tabbata babu iskar da ta rage a motar nan.